Ni da maigida za mu zaga Ayislan a motar kwana cikin hunturu, a ba mu shawara

Maman Hanifa (Agege):
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya sani ya faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. Maigidana zai samu hutun aiki a watan Janairu, ya ƙuduri niyyar mu je ƙasar Ayislan mu biyu, yara su zauna wurin Hajiyarsa. Ba otal yake so mu sauka ba. Akwai wasu ƙananan bas da ake bayarwa haya, da gado da murhun gas a ciki, da rana a yi tuƙi, dare ya yi a kwana a ciki. Ya ce akwai titi guda da ya zagaye ƙasar gaba ɗaya, shi za mu bi mu ga duwatsu masu aman wuta. Takardun biza yake haɗawa yanzu. Ni ba tafiyar nake ƙi ba, na ma fi shi son ganin duniya. Damuwata ita ce lokacin tsananin sanyinsu ne, ban taɓa taka dusar ƙanƙara ba, shi ma bai taɓa tuƙi a kanta ba, ga shi kuma muna gani a labarai wuta na fitowa daga ƙasa a can. Akwai wanda ya taɓa yi?

Alhaji na Mile 12:
Wa'alaikumus salam. 'Yata, ki gaya wa maigidanki in ji ni, kuɗin nan ya kai ku Umra. Mu da muka kwana a kan lodin albasa daga Aliero zuwa Ikko, dole ce ta sa mu. Mutum da gidansa da gadonsa, ya kwashi dukiya ya je ya kwana a mota cikin ƙanƙara, ni ban ga ribar ba.

Injiniya (Surulere):
Baba Alhaji, a yi min afuwa, zan ɗan saɓa maka. Ni da iyalina mun yi irin wannan tafiyar a watan Fabrairu, kuma ban yi nadama ba. Amma Maman Hanifa, tsarin da maigidanki ya yi akwai gyara a ciki, gyara babba.

Titin da yake magana shi ne Titi Na 1, tsawonsa ya haura kilomita 1,300. A lokacin zafinsu mutane na zagaye shi cikin kwanciyar hankali don rana kusan ba ta faɗuwa. A Janairu kuwa lissafin daban ne. A Reykjavik, babban birnin ƙasar, tsakiyar watan, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 11 na safe, kafin 4 da rabi ta faɗi. Awa biyar da 'yan kai ke nan. A cikinsu za ku yi tuƙi, ku tsaya kallo, ku yi sallah, ku ci abinci. Duk wanda ya ce zai zagaye ƙasar a haka, rabin tuƙinsa cikin duhu zai yi, kuma abin da ya je gani ba zai gan shi ba.

Sanyin kansa bai kai yadda ake tsoro ba. A bakin teku yawanci yana kai-komo ne a wajen digiri 0, saboda ruwan ɗumi da teku ke turowa daga kudu. Iska ce ke mulkin ƙasar. Babu bishiyoyin da za su tare ta, kuma motar kwana doguwa ce, gefenta faffaɗa, iska na samun wurin kamawa. Kamfanonin haya da kansu za su ja maka kunne cewa in za ka buɗe ƙofa ka riƙe ta da hannu biyu, don iska na fizge ƙofa ta lanƙwasa ta, kuma yawancin inshora ba ta biyan wannan. Hukumar yanayinsu na fitar da gargaɗi kala uku, rawaya, ruwan lemo da ja. Mu ƙa'idar da muka ɗaurawa kanmu ita ce ko rawaya aka sa a yankin da muke, mota ba ta motsi.

Shawarata: ku bar zagayen. Ku bi gaɓar kudu kawai, daga Reykjavik zuwa Vik, kilomita kusan 190, in yanayi ya yi kyau ku ƙara gaba zuwa tafkin ƙanƙara na Jokulsarlon, sannan ku juyo.

Direban Tirela (Apapa):
Injiniya ya faɗi gaskiya kan iska. Duk wanda ya taɓa jan kwantena babu kaya a kan gada ya san yadda iska ke tura doguwar mota gefe, sitiyari na hannunka amma ba kai ke da iko ba. To a haɗa wannan da santsi.

Hajiya, tambayata ɗaya ce: ke kina tuƙi? In shi kaɗai ne direba, ranar da ya tashi da zazzaɓi ko barci ya kama shi, wa zai karɓe shi? Ni ban yarda da doguwar tafiya da direba ɗaya ba ko a hanyar Ibadan.

Maman Hanifa (Agege):
Ina tuƙi Yaya, kullum ni nake kai yara makaranta Ikeja. Amma motata otomatik ce.

Injiniya (Surulere):
To ku tabbatar kun nemi otomatik tun wajen yin rajista, don da yawa daga ƙananan motocin kwana masu giyar hannu ne. A sa sunanki a takardar haya a matsayin direba na biyu. Abu ɗaya da zai yi muku sauƙi, hannun dama suke bi irin namu. Su sun koma dama a 1968, mu a 1972. Dokar gudu kilomita 90 ce a kan kwalta a wajen gari, 80 a kan tsakuwa, amma wannan na ranar da titi ya bushe ne. Fitila a kunne take dare da rana, doka ce. Ku duba tayoyin da idonku kafin ku karɓi makulli, a tabbatar masu ƙusa ne. Akwai kuma gadoji masu layi ɗaya a hanyar kudu, wanda ya riga isa shi ke wucewa, ɗayan ya tsaya.

Direban Tirela (Apapa):
A kan santsi ba a taka burki da ƙarfi, ba a murɗa sitiyari da sauri. Tun daga nesa ake sakin totur. Wanda ya saba da tuƙin Legas, na kutsa kai da burkin gaggawa, shi ya fi kowa buƙatar ya horar da ƙafarsa.

Ɗan Biu (Ijora):
Ni abin da ke ba ni takaici shi ne mu tsallake namu mu tafi na wasu. In duwatsun aman wuta ake so, tudun Biu cike yake da su. Tafkin Tila a cikin bakin tsohon dutse yake zaune. A Filato akwai duwatsun Panyam da Kerang, inda ruwan SWAN ke fitowa. In sanyi ake so a je Mambilla. Wa ya taɓa ɗaukar matarsa ya kai ta Tila?

Malama mai Jogurafi (Yaba):
Ɗan'uwa, takaicinka a kan hanya yake, ni ma ina jin sa duk shekarar da nake koyar da wannan darasi ga yaran da ba su taɓa ganin Kerang ba. Amma abu biyu ne daban. Namu sun daɗe da yin shiru, abin da ya rage sura ce da baƙar ƙasa mai albarkar noma. Na Ayislan kuwa aikin bai tsaya ba. Ƙasar tana zaune ne daidai kan tsagar da ta raba ɓawon ƙasa na ɓangaren Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya, kuma suna nesanta da juna kusan santimita 2 a shekara. A Thingvellir, inda majalisarsu ta fara zama tun shekara ta 930, mutum na tafiya da ƙafa a cikin tsagar.

Maman Hanifa, kan wutar da kike gani a labarai: a zirin Reykjanes ne, kudu maso yamma, ɓangaren da filin jirgin Keflavik yake. Ta fara a Fagradalsfjall a watan Maris na 2021 bayan yankin ya yi shekara kusan 800 shiru. A Nuwamban 2023 aka kwashe mutanen garin Grindavik, su fiye da 3,000, kuma a Janairun 2024 narkakken dutse ya ci gidaje uku a bakin garin. Irin wannan aman tsagewa ƙasa ke yi wuta ta malalo, ba ya tura toka sama sosai, shi ya sa filin jirgi ya ci gaba da aiki. Ya bambanta da na dutsen Eyjafjallajokull a Afrilun 2010, wanda ya fashe ƙarƙashin ƙanƙara, ruwa ya haɗu da wuta ya zama toka mai laushi, aka soke jirage kusan 100,000 a Turai cikin kwana shida.

Masana na sa ido dare da rana, girgizar ƙasa da kumburinta kan ba da alama, ana rufe hanya kafin abu ya kai ga mutane. Mai yawon buɗe ido da ya tsaya inda aka ce ya tsaya, titi ya fi dutse zame masa barazana. Abin da ya kamata a kiyaye daga dutsen shi ne iskar da yake fitarwa, musamman ga mai asma. Mu da ke maƙwabtaka da Kamaru bai kamata a koya mana wannan ba. A Agustan 1986 iskar da ta taso daga Tafkin Nyos ta kashe mutum fiye da 1,700 cikin dare guda, babu wuta babu ƙara mai yawa.

Ɗan Biu (Ijora):
Na ji Malama. Amma da ana zuwa namu, da an gyara hanyoyin.

Maman Hanifa (Agege):
Da tsaro ya inganta wallahi da ni zan fara roƙonsa ya kai ni. Kakata ta wajen uwa 'yar Gombe ce, tun ina ƙarama nake jin sunan Biu.

Anti Nas (Idi-Araba):
Kowa na maganar titi da dutse, ni tsorona yana cikin motar. Ƙanwata, ki saurare ni da kyau. Kin san yadda muke jin labarin iyali guda sun kwanta da janareta a baranda ko a kicin, gari ya waye babu wanda ya tashi. Wannan gubar ce dai murhun gas ke iya tarawa a cikin mota in an rufe ko'ina. Ba ta da wari, ba ta da launi, ciwon kai take fara kawowa da jiri da barci mai nauyi. Idan sanyi ya matsa, zuciya za ta raya muku ku kunna murhu ku ɗumama ɗaki. Kada ku yi, ko na minti goma. Girki kuma sai da taga a buɗe. Ku tambayi masu motar ko akwai na'urar da ke ƙara in gubar ta taru, in babu ku sayi taku, ƙarama ce mai batir. Hitar motar tana fitar da hayaƙinta waje ta bututu, to in dusar ƙanƙara ta zuba da dare a leƙa a tabbatar ba ta toshe bakin bututun ba.

Sutura kuma, kada ki sa auduga a jikin fata. Tana shan gumi ta riƙe, ta koma tana sanyaya ki. Ulu ake sawa ciki, sannan mai kauri, sannan rigar da iska da ruwa ba sa ratsawa. Lambar gaggawarsu 112.

Matar Injiniya:
Bari in faɗi ɓangaren da maza ba sa kawowa. Maman Hanifa, yawancin ƙananan motocin nan babu banɗaki a ciki. Kuma tun 2015 doka ta hana kwana a mota a duk inda mutum ya ga dama, sai a filin da aka keɓe don kwana ko da izinin mai ƙasa. Filayen nan da yawa rufe su ake yi a hunturu, waɗanda ke buɗe ba su da yawa. Don haka kafin ku tashi da safe ku san takamaiman inda za ku kwana, ku tabbatar a buɗe yake kuma banɗakinsa na aiki. Fitowa ƙarfe uku na dare cikin iska don zuwa banɗaki shi ne abin da ya fi wahalar da ni a duk tafiyar.

Wanka: kusan kowane gari na da wurin ninƙaya mai ruwan zafi daga ƙasa, can masu motar kwana ke zuwa. Amma al'adarsu sai an tuɓe an yi wanka kafin a shiga, mata ɓangarensu maza ɓangarensu, a fili. Wasu wuraren na da ɗan ɗaki mai labule, wasu babu. Ni ban iya ba, na riƙa neman filin kwana mai banɗakin wanka da ƙofa. Ruwan zafin a wasu wurare yana warin farar wuta, kada ki tsorata, haka yake fitowa. Na sanyin kuwa a famfo ake sha, ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba.

Abinci ku dogara da kifi, suna da shi sosai. Kada ku ɗauki kilishi ko dambun nama, ba a shiga da nama irin wannan, za a ƙwace. Yaji, garin kunu, shinkafa, indomi, waɗannan sun taimake mu, don cin abinci a waje tsada ne ƙwarai.

Amma kada duk wannan ya sa ki fasa. Bayan an wuce Vik akwai wani fili da ake kira Eldhraun, narkakken dutsen da ya malalo daga tsagar aman wuta ta Laki a 1783. Iya ganinki baƙin dutse ne da gansakuka ta lulluɓe, dusar ƙanƙara a kai, babu gida babu bishiya. Maigidana ya gaya min aman ya ɗauki wata takwas, kuma yunwar da ta biyo baya ta kashe kusan ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar. Na tsaya a wurin na kasa cewa komai sai tasbihi. Wannan ba a samun sa a hoto.

Malam na Obalende:
Madalla da wannan bayani. Alhaji, Umra tana da falalarta da babu mai musu, amma tafiya a bayan ƙasa don lura da ikon Allah ita ma an kwaɗaitar da mu a kanta. Sharaɗin shi ne kada mutum ya jefa kansa cikin halaka, kada kuma sallah ta tozarta.

A irin wannan gajeriyar rana, azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da juna ƙwarai. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, yana kuma iya haɗa azahar da la'asar, magariba da isha. Alƙibla daga can gabas ce mai karkata kudu, ba irin tamu ta Legas mai karkata arewa ba, don haka a duba, kada a bi sabo. Farilla ana yin ta a tsaye ne in da hali, saboda haka in rufin motar bai kai tsayin mutum ba, a nemi ɗakin girki na filin kwana ko gefen da mota ta tare iska. Ku sayi huffi na fata tun daga nan, ku sa bayan cikakkiyar alwala, sai ku riƙa shafa a kai. Taimama saboda sanyi ta halatta ga wanda ke tsoron cuta kuma ba shi da yadda zai ɗumama ruwa, amma ku da murhu a mota, buta ɗaya ta ruwan ɗumi ta raba gardama. Akwai masallaci a Reykjavik, ku daidaita Juma'arku da can.

Alhaji na Mile 12:
Malam ya yi magana, na karɓa. Amma har yanzu ina nan kan cewa mace da ba ta saba ba, a sa ta kwana a mota babu banɗaki, ba a kyauta mata ba. In zai kai ta, ya kama mata ɗaki.

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum. Ni ne mai laifin da ake tattaunawa a kansa, uwargida ta turo min duk abin da aka rubuta. Baba Alhaji, na gode, kuma ba don in wahalar da ita na zaɓi mota ba. Shekarunmu a Legas, daga aiki sai cunkoson gadar Third Mainland sai barci. Ko a gida muke, waya ba ta barin mu gama zance. Abin da nake nema shi ne 'yan kwanaki da babu kowa sai ni da ita, mu dafa abincinmu, mu tsaya inda ranmu ya so. Kuɗin mota da kwana a haɗe kuma ya fi min sauƙi a kan mota daban otal daban.

Injiniya, na yarda da batun awoyin rana, ban lissafa shi ba yadda ka lissafa. Amma arewacin nake so, wajen Tafkin Myvatn da Krafla, inda ƙasa ke tafasa tana hayaƙi. In muka tsaya kudu kawai, anya ba mu bar kan maganar ba?

Injiniya (Surulere):
Ɗan'uwa, Myvatn ya cancanci zuwa, amma kafin ka kai can ta titi sai ka haura tuddan da ake yawan rufewa in guguwa ta taso. In aka rufe a gabanka aka rufe a bayanka, za ka zauna a inda kake har a buɗe, jirginka na komawa kuma ba zai jira ka ba. Ƙasa mai tafasa akwai ta a kudu. A Geysir, maɓulɓular Strokkur na watsa ruwan zafi sama duk bayan 'yan mintuna. Seltun ma na nan kusa da Reykjavik. Ga baƙin yashin Reynisfjara kusa da Vik, amma a can kada ku juya wa teku baya, kada ku matsa kusa da ruwa, igiyar wurin na zuwa babu sallama kuma ta ci rayuka. In Myvatn ya zame maka dole, akwai jirgin cikin gida daga Reykjavik zuwa garin Akureyri na arewa, ƙasa da awa ɗaya, daga can ka bi masu kai mutane da direbansu ɗan ƙasa.

Ka kuma karɓi inshorar yashi da toka. A kudu iska kan kwaso su ta kankare fentin mota da gilashi, kuma inshorar da ke zuwa da mota ba ta ɗaukar wannan.

Malama mai Jogurafi (Yaba):
In hutun zai ɗagu zuwa ƙarshen Janairu, rana na kaiwa kusan awa bakwai. Bambancin ba kaɗan ba ne. Dare kuma har lokacin yana da tsawon da za ku iya dacewa da koren hasken nan da ke rawa a sama, in gari ya yi garau.

Baban Hanifa:
Ƙarshen Janairu zai yiwu. Gaba da haka ne ba na so, kada mu shiga azumi a hanya.

Maman Hanifa (Agege):
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Mun zauna da shi daren jiya. Kudu za mu bi, ni ma zan shiga takardar haya, kuma na ce masa duk bayan kwana biyu a mota sai mun kama ɗaki na dare ɗaya, in yi wanka da wanki a natse. Bai gama amincewa da wannan ba saboda kuɗi, muna kan magana. Anti Nas, na'urar nan a ina zan same ta a nan?

Anti Nas (Idi-Araba):
Masu sayar da kayan kashe gobara da na tsaron ma'aikata suna da ita, ki ce musu mai gano hayaƙin janareta kike so, ba ta gobara ba, don iri biyu ne. Ki gwada ta a gabansu, ki ƙara batir a jaka, sanyi na saurin cinye batir.

Matar Injiniya:
Batun ɗakin nan kada ki sassauta, Baba Alhaji na da gaskiya a wannan. Takalmi kuma ki sayi wanda ya fi ƙafarki girma kaɗan, don huffi da safar ulu su samu wurin shiga.